Taken Gidan Pawa a Bayan Garin Riyadh

Kabiru ne mutum na farko da ya yi mini Hausa a Riyadh, kuma da na san abin da ke tafe da na yi kamar ban ji ba. Na same shi a bakin ƙofar fitowa ta filin jirgin sama na Sarki Khalid, cikin farar jallabiya da ta sha guga, yana jiran sababbin ɗalibai. Shi ne mandub, wato ɗalibin da ke kai-kawo tsakanin ofishin jami'a da mu 'yan Najeriya. Iƙama, wato takardar izinin zama, ɗakin kwana, bizar fita da dawowa, duk ta hannunsa suke bi. Ya daɗe yana karatun digiri na uku, kuma babu alamar yana gaggawar gamawa.

Ya dubi doguwar jakar da na rungume ya ce, "Wannan fa? Turmi ka taho mana da shi?"

Na ce kalangu ne. Sai na ga idonsa ya yi haske. A lokacin na ɗauka kewar gida ce.

Mu makaɗan gidan Pawa ne a garinmu, tun kakan kakana. Gidan Sarkin Pawa yana da takensa, kiɗan da idan aka saka shi duk ɗan gidan da ya ji sai ya bar abin da yake yi ya miƙe. Ba a yi wa bare shi, komai girmansa. Yi wa wani taken da ba nasa ba daidai yake da ka cire hular mutum a bainar jama'a ka ɗora a kan baƙo. Su kuma mahauta, duk ranar Juma'a sai an aiko gidanmu da tsokar wuya, rabon makaɗi. Da wannan naman muka girma. Yayyena biyu ba su ɗauki gula ba, ɗaya ya zama direba, ɗaya ya yi karatu ya ce kiɗa ba nasa ba ne. Ni kaɗai na koya, kuma ni ne na sami gurbin karatun injiniya na tafi. Shekara guda kafin tafiyata ɓarin jikin babanmu ya shanye, hannun da yake kiɗa da shi ya mutu.

A masaukin ɗalibai na fara sanin matsayina. Wasu 'yan ƙasarmu da ke karatun shari'a suka ji labarin abin da ke cikin jakata, suka riƙa amsa mini sallama da ƙyar. Ɗaya ya same ni a bakin famfo ya ce, "Akhi, mutane na zuwa ƙasar nan da littattafai, kai ka zo da fatar akuya." Na wuce abina, amma maganar ba ta bar ni ba.

Kabiru ne ya zo da romon baka. Ya ce jami'a na da ƙungiyar kaɗe-kaɗe ta ɗaliban ƙasashen waje, shi ke kula da ita, ƙasar ta canza, yanzu ana son irinmu. "Ka ba mu hidimar zango ɗaya kawai, Haruna. Ni kuma duk abin da kake so a ofis, ka ɗauka an yi."

Haka na shiga. Akwai Usman, wani ɗan Sudan mai kaɗa ud, wato garayar Larabawa, mutum mai sanyin hali, da wasu samari daga ƙasashe daban-daban. Hidimar kuwa hidima ce ta gaske. Ka fito daga aji da yamma a gajiye, a kwashe ku a mota a kai ku wani ɗakin taro, ku ɗauki kaya, ku jira manya su gama jawabi, ku kaɗa, ku sake ɗaukar kaya. Mu namu shinkafar kabsa a roba da kalmar shukran. Abin da ake miƙa wa Kabiru a gefe ban taɓa tambaya ba. Darasin lissafi ya fara kufce mini, na riƙa gyangyaɗi a gaban malami.

Ranar da raina ya fara ɓaci sosai a Unguwar Ofisoshin Jakadanci ne. Muna sauka daga mota Kabiru ya miƙo mini wani ƙyalle mai zanen fatar damisa da wata hular gashin tsuntsu. Na ce me zan yi da su. Ya ce, "Ka sa mana. Afirka suke so su gani." Na ce babana ya yi shekarunsa yana kiɗa cikin babbar riga da hula, bai taɓa yafa damisa ba, garinmu ma ko kura sai a labari. Ya ce, "Yalla, Haruna, lokaci na tafiya. Ka tuna hutu na zuwa." Na sa. A hanyar shiga na wuce wasu direbobi Hausawa suna zaune a inuwar mota. Ɗaya dattijo ne, ya dube ni, ya dubi kalangun, sai ya kawar da kai don kada na ji kunya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Busasshiyar iskar garin da sanyin na'urar ɗaki suka haɗu suka cinye fatar kalangun. Wata safiya na ɗauko shi na ga fuska ɗaya ta tsage. Sai na tuna da saƙon babanmu, cewa akwai ɗan gidan Pawa a Riyadh, Iro, in neme shi. Na yi ta tambaya har aka kwatanta mini wani shagon nama a Shumaisi, can cikin lungu bayan manyan tituna.

Na tarar da tsoho siriri mai furfura yana sara ƙashi, yana amsa wa masu saye da Larabcin kasuwa. Na gaishe shi na faɗi sunan babana. Ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a rigar aiki, ya daɗe yana kallona. "Ɗan Mamman Makaɗi," in ji shi. "Kai ne aka haifa bayan na taho ke nan." Kawu Iro ya zo ne yana saurayi da niyyar shekara biyu. Kafil, wato ubangidan da baƙo ke aiki a ƙarƙashin sunansa, ya bi kafil, iƙama ta ƙare an sabunta, har gashi ya yi fari. Ya sa aka kawo mini shayi, ya tambayi mutanen da rabinsu sun mutu. Bayan kwanaki ya samo mini fatar ɗan akuya mai laushi, ya jeme ta da kansa a bayan shago, muka zauna tare muka ɗaure ta da tsarkiya. Da na gama na ɗaga gula zan gwada masa, sai ya riƙe hannuna.

"Kada ka kaɗa mini takenmu a nan. Tun da na bar gida ban ji shi ba. Idan na ji, yau ba zan iya aiki ba."

Ana cikin zangon ne yayansa, Sarkin Pawa, ya rasu. Kawu Iro bai sami zuwa jana'iza ba, a shago ya karɓi gaisuwa. Aka tsayar da ƙaninsu zai gaje shi. A al'adarmu, gidan da ya kaɗa take ranar naɗi shi ke riƙe da kiɗan har ƙarshen sarautar. Akwai wasu makaɗa a unguwar gabas da suka daɗe suna jiran hannun babanmu ya mutu. Babanmu ya sa aka kai shi gidan Pawa a kan babur, ya roƙa da bakinsa mai nauyi a ɗaga naɗin zuwa hutun hunturu, ɗansa zai zo. Suka yi masa wannan alfarmar.

Na gaya wa Kabiru tun da wuri cewa ina bukatar bizar fita. Ya dafa ƙirji ya ce, "Mafi mushkila, babu matsala. Sunanka ne na farko." Ni kuma na shiga bitar taken a ɗakin ajiyar kayan ƙungiya duk lokacin da na sami sarari, ina aika wa babanmu ta waya yana gyara mini. Wata rana na ɗago na ga Kabiru a bakin ƙofa yana ɗauka da wayarsa. Ya ce wane kiɗa ne wannan mai tada tsigar jiki. Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla, kamar mai magana da ɗan'uwa.

Jarrabawa ta zo ta wuce, sanyi ya sauko. Ɗalibai suka fara jan akwatuna zuwa filin jirgi, har da wanda ya yi mini gorin fatar akuya. Ni kullum amsa ɗaya ce, "Bukra, in sha Allah." Gobe ta yi gobe. Babu abin da ya fi ci mini rai kamar yadda yake faɗa yana murmushi, yana dafa kafaɗata.

Ana saura 'yan kwanaki ofis ya rufe sai ya kira ni gefe. Wani kamfani ya shirya wa manyan ma'aikatansa da baƙinsa walima a sansanin hunturu a hamada, arewa da gari, kuma sun ɗauki ƙungiyarmu. Abin takaici, ta bakin Kawu Iro aka san da mu. Maigidansa ne zai kai raguna, ya ji ana neman makaɗan Afirka, shi kuma Kawu cikin alfahari ya ce ya san wani yaro.

Kabiru ya ce, "Mudir ɗin kamfanin, wato shugabansu, ya ji wancan kiɗan naka, na tura masa. Ya ce shi yake so a tarbe shi da shi. Na gaya masa kiɗan sarakuna ne."

Na ce, "Malam Kabiru, na yi maka bayanin kiɗan nan. Yana da mai shi. Ko naɗin ba a yi ba."

"Sauti ne fa kawai, Haruna. Kai da kake karatun injiniya? Wa zai sani?"

"Kowa a wurin da waya a hannunsa. Kafin mu dawo gari ya isa garinmu."

Sai murmushin ya tafi. Ya ce shi ya riga ya yi alkawari, kuma ba zai ji kunya saboda al'adar mahauta ba. In na kaɗa, washegari da safe zai kai sunana ofis, in kama jirgi in riski naɗin. In na ƙi, shi ma yana da abubuwan da suke sha masa kai. Na tsaya ina kallon bakinsa. Mutumin nan Bahaushe ne, a cikinmu ya tashi, ya san abin da yake nema in sayar. Balarabe bai cuce ni a ƙasar nan ba, wanda ya tarbe ni da Hausa ne ya zauna ya auna inda zai fi mini ciwo ya danna.

Usman ya same ni a ɗaki na haɗa kai da gwiwa. Bai fahimci komai game da take ba, amma ya kawo mini bargonsa na biyu da wani shayi mai kirfa, ya zauna tare da ni har na sha.

Bayan la'asar muka isa sansanin. Manyan tantuna, darduma a kan yashi, wuta a tsakiya, ana zagayawa da gahawa da dabino. Iska mai sanyi tana ratsa ƙyallen damisar da aka sake ba ni. Fatar kalangu ba ta son sanyi, muryarta dushewa take yi, don haka na zaga bayan tantuna inda ake girki in gasa ta a wuta. A can na tarar da Kawu Iro ya gama fiɗa, yana wanke wuƙaƙe. Labari ya riga ni zuwa wurinsa.

Ya ce, "Ni na jawo maka, ɗana. Bakina ne." Ya ajiye wuƙar ya dube ni. "Ka kaɗa musu ka tafi gida. Ubanka na jira. In an tambaya ka ce ni na ba ka izini. Ni zan matsa can wajen motoci, ba sai na ji ba."

Na koma da niyyar yin haka. Wallahi da wannan niyyar na koma. Muka yi kiɗe-kiɗenmu na kullum, Usman ya yi nasa, aka tafa. Sai Kabiru ya karɓi abin magana, ya zuba Larabci mai daɗi, ya ce yanzu za a karrama mudir da kiɗan da ba a yi wa kowa sai sarki. Mudir ɗin, wani mutum mai fara'a da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya miƙe ya gyara mayafinsa ya fito tsakiyar fili. Wayoyi suka tashi sama. Na saɓa kalangu a hammata na tako gabansa.

Ta saman kafaɗarsa na hango Kawu Iro. Ya bar wurin girki yana tafiya cikin yashi shi kaɗai, ya nufi inda aka jera motoci, rigar aikinsa duk jini, ya ɗora tafin hannuwansa a kan kunnuwansa. Ɗan gidan da aka yi kiɗan dominsa ke nan, yana gudu da ƙafarsa don a ba wani.

Na fizge hular gashin tsuntsun na yar. Na juya wa mudir baya, na ratsa ta tsakanin baƙi, na fita daga kan darduma, na saki taken da duk ƙarfin hannuna ina bin tsohon.

Bugun farko bai tsaya ba. A na biyu ya tsaya cak. Hannuwansa suka sauko a hankali. Ya juyo, sai na ga bayan nan da ya ranƙwafa ya miƙe. Ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama yana jinjina, ya fara takowa wurina da irin takun da 'yan gidansu ke yi a bakin kasuwa, ƙafa ɗaya a ja, kafaɗa a karkace. Hawaye na bin furfurar gemunsa, bakinsa na kiran sunayen iyayensa ɗaya bayan ɗaya. Masu girki 'yan ƙasarmu suka bar tukwane suka fito. Na kaɗa shi tun daga farko har ƙarshe, ban rage ko ɗaya ba.

Da na tsaya, wasu baƙi suka tafa, sun ɗauka cikin shirin ne. Mudir kuwa yana nan tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili inda na bar shi. Ya ɗan yi dariyar yaƙe ya koma ya zauna. Har yau ina jin nauyin mutumin, don ba shi ya yi mini laifi ba.

Kabiru bai yi mini magana ba sai da muka shiga mota. Ya juyo daga kujerar gaba ya ce a hankali, "Ka ci hutunka lafiya a Riyadh."

Da safe na tafi ofis da kaina. Ma'aikacin da na samu ya saurare ni da kyau, ya ce sunayen ɗalibanmu ta hannun mandub suke zuwa, wanda zai iya sa hannu ba tare da shi ba kuma ya riga ya tafi hutu. Na kira Kabiru har na gaji, wayarsa a kashe. Daga baya na ji ya tafi Umra.

A ɗakina na yi ranar naɗin, cikin masaukin da ya zama kango, ina lulluɓe da bargon Usman. Wani abokina ya turo mini hoton bidiyo. Makaɗan unguwar gabas ne a gaban sabon Sarkin Pawa, da lasifika, suna kaɗa takenmu a gaggauce kamar masu tallar magani. Na kalla sau ɗaya na kife wayar. Na zagi Kabiru a ɗakin nan da duk zagin da na sani, babu mai ji sai bango.

Da yamma Inna ta kira ta miƙa wa babanmu. Ashe bidiyon hamada ya riga ya zaga garin, kamar yadda na faɗa. Na yi shirin faɗa ko kuka. Sai ya ce, "Iro ya tsufa." Na ce e, Baba. Ya ce, "Ka saki hammata da wuri a ƙarshe." Shi ke nan abin da ya ce. Bai ce na kyauta ba, bai ce na yi laifi ba. Inna ce ta gaya mini daga baya cewa ya sa an sauke tsohon kalangunsa daga bango an tura ƙarƙashin gado. Ta ce Juma'a ta zo ta wuce, ta ɗora tukunya bisa sabo, ba wanda ya yi sallama da nama.

Na fita daga ƙungiyar. Kabiru yana nan, har yanzu shi ne mandub, har yanzu yana tarbar sababbin ɗalibai da murmushi. Idan muka haɗu a masallaci yakan miƙo hannu, ni kuma in ba shi don wurin da muke. An ce in yafe. Ban kai nan ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar na kai ba.

Juma'ar da ta biyo bayan naɗin, mai gadi ya aiko a ce ina da baƙo a bakin ƙofa. Na fito na ga Kawu Iro cikin wata tsohuwar rigar sanyi, ya sha doguwar hanya daga Shumaisi. Maigidansa ya mayar da shi bayan shago saboda abin da ya faru, bai ko ambata ba. Ya miƙo mini ƙullin leda mai sanyi da hannu biyu. Na buɗe na ga tsokar wuya.

Na ce, "Kawu, ai kiɗan ya bar gidanmu."

Ya ce, "A can. Ni makaɗina ɗaya ne."

Ba ni da tukunya, ba ni da murhu a ɗakin. Na tsaya a bakin ƙofar rungume da naman, ina kallonsa har ya tsallaka titi. Tun daga ranar bai fasa Juma'a ko ɗaya ba.